Ba Mai Haƙuri Ba Ce

Talata, 12 ga Maris, 2013, Abu Hail

Ɗana Salisu ya bugo daga Kano: matarsa ta sauka lafiya, an sami mace. Don murna har dabino na bi shagunan unguwar Al Buteen ina rabawa. Ya ce sunan marigayiya mahaifiyarsa za a sa mata.

Da yamma a ajinmu na koyon Turanci, malaminmu ɗan Gana ya koya mana kalmar “personality”. Ya ce ba kirki take nufi ba, abin da ya bambanta mutum da kowa ne. Sannan ya ce mini, “Yalla, maza, Alhaji, rubuta na wani.” Na tuna matata, na rubuta “mai haƙuri”, sai na ji kunya. Duk wadda ta rasu haka ake ce mata. Ita kuwa faɗa gare ta, kuma ba ta taɓa miƙo mini shayi ba sai ta kurɓa.

Na kira Salisu na ce, “Me kake tunawa game da Innarka?” Shekararsa huɗu lokacin da ta rasu. Ya ce, “Baba, an dai ce mai haƙuri ce.”

Ashe ni kaɗai na rage da na san ta. Gobe zan sayi littafi in fara rubuta ta, da faɗan da komai, tun ina iya tunawa.