Murfin Kwandon Shara

Litinin, 3 ga Agusta, 1981
Kwana talatin da ɗaya ɗana Malachy bai sa komai a baki ba sai ruwa da gishiri. Yajin cin abinci suke, shi da sauran fursunonin siyasa, duk don a bar su su sa tufafinsu maimakon na kurkuku, a daina lissafa su da ɓarayi. A asibitin kurkukun ya riƙe hannuna: "Mama, in na suma za su kawo miki takarda wai a yi min ƙarin ruwa. Kada ki sa hannu. Rantse." Na rantse. Bakina ne ya yi, ban san da zuciyata ba.

Asabar, 8 ga Agusta
Wani cikin masu yajin ya sake cikawa. Muka fito titi da murafen kwandon shara muna buga ƙasa, yadda muka saba in an yi irin wannan rashi, har birninmu Belfast ya ɗauka. Nawa duk ya lotse. Maƙwabciyata Nuala ta ce, "Bríd, sassauta mana, ki rage na gaba!" Sai ta tuna ɗana na iya zama na gaban, ta toshe baki. Ban ji haushinta ba, tsoro na ji.

Juma'a, 14 ga Agusta
Na dafa dankali, na zubar.

Litinin, 24 ga Agusta
Ba ya gani sosai. Ya shafa fuskata ya ce, "Tsohuwa, kin rame. Ke ma yajin kike?" Ja'iri, har yanzu da bakinsa. Mahaifinsa Fintan ya ce yaro ya zaɓi hanyarsa, mu girmama shi. Girmamawa! Shi ya yi naƙudarsa?

Alhamis, 27 ga Agusta
Ya suma da hantsi. Likita ya ajiye takardar da biro a gabana. Fintan ya fita waje.
Na sa hannu.

Laraba, 2 ga Satumba
Ya farfaɗo. Da ya ji muryata sai ya juya wa bango fuska. "Kin rantse," abin da ya faɗa ke nan. Maganar ta yi min zafi, wallahi. Amma mai rai ne ya juya min baya.

Lahadi, 6 ga Satumba
A coci wasu sun ƙi kallona. Nuala ta matso kusa da ni. Da na dawo na ɗauko murfin daga bayan ƙofa, inda nake ajiye shi tun Yuli, na mayar da shi kan kwandon. Ba ya rufuwa daidai. Ƙudaje ne suka dame ni, shi ke nan.