Haƙorin da Ya Tsage a Gurasa

Wudil, Lahadi

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Inna da mutanen Utai kaf. Labaran direba ya kawo garin kunun, Allah ya saka.

Baba, abin mamaki ya same ni. Jiya ina cin gurasa, gurasa fa mai laushi, sai na ji ƙas! Na tofo, sai ga ɓallin haƙorina a tafin hannu. Sumayya da muke ɗaki ɗaya ta ce ai ta daɗe tana jin ina taunar haƙora cikin barci kamar akuya, kunya ce ta hana ta faɗa. Kullum da ciwon kai nake tashi, muƙamuƙina a riƙe. Jarrabawar ƙarshe saura wata guda.

'Yarka,
Afra

Utai, Talata

Zuwa ga 'yata Afra,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, takardarki ta iso. Taunar haƙora a barci tsutsar ciki ce, kowa ya san wannan. Innarki ta ba Labaran saiwa, ki jiƙa ki sha da safe. Shekara talatin ina hedimasta, ban ga ɗalibin da karatu ya kashe ba. Ke ce za ki fara kawo digirin injiniya gidan nan, na riga na faɗa wa mutane. Kamar yadda nake gaya miki kullum, ki cije. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Magaji

Wudil, Laraba

Baba,

Ina gaisuwa, a gaida Inna. Na sha saiwar, amma dasashina ya fara jini, sai Sumayya ta ja ni wajen wata likitar haƙori. Da matar ta leƙa bakina, salati ta yi. Ta tambayi shekaruna, na ce ashirin da uku. Ta ce haƙoran nan na mai sittin ne, sun cinye sun yi sumul, biyu kuma sun tsage. Babu wata tsutsa. Ta ce damuwa ce, abin da na haɗiye da rana shi nake niƙawa da haƙora in na kwanta. Ta ce, “'Yar nan, me kike cijewa haka?” Sai kawai na fashe da kuka a kan kujerarta.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kwas biyu na faɗi bara, na ɓoye maka. Tun daga nan ba na barcin kirki, abinci ma sai na tuna. Ka ce in cije, na kuwa cije, Baba, ga shi har bakina ya ƙare. Likita ta ba ni robar da zan riƙa sawa in zan kwanta, amma ta ce in ban huta ba na gaban ma za su bi. Ina roƙon ka bar ni in ɗage zangon nan zuwa baɗi. In ka ce a'a zan zauna, amma tsoro nake ji.

'Yarka,
Afra

Utai, Alhamis

Afra,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sau uku na karanta takardarki.

Haƙoran sama da kike gani a bakina na roba ne. Ce wa Innarki na yi wai faɗuwa na yi a babur. Ban taɓa faɗuwa ba. Ɗaya bayan ɗaya nawa na asali suka farfashe a shekarun da na fara riƙe makaranta, ni kuwa ina ta shan saiwa. Sai yau na san dalili.

Ki ɗage. Mutane ni zan ji da su. Gobe Juma'a zan shigo Wudil da kaina, ki haɗa kayanki. Ki yafe mini.

Babanki