Faifan Mahaifina da Kuka Mayar Agogon Bango

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Karatu na jami'armu da ke Bukit Jalil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ɗalibarku ce 'yar Kano da ta zo karatu ƙasarku, kuma takaici ne ya sa na rubuto a bainar jama'a, tunda sau uku ina zuwa ofishinka ana ce min kana taro.

Na farko, ga abin da na ba ku. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, jikan makaɗan mahauta ne. Da ya je karatu Sweden yana saurayi, da kalangunsa ya tafi. Wasu samari huɗu masu kiɗan jita irin na rok suka ji shi, suka roƙe shi ya buga musu a waƙa ɗaya. Sun makara, an fara daina yayin irin dogon kiɗansu, suka fitar da faifan garmaho guda, ba a saya ba, suka watse. A ƙarshen waƙar ana jin Baba yana dariya. Muryarsa ke nan da ta rage mana a duniya.

Na biyu, ku kuka sanar cewa kuna juyar da tsofaffin faya-fayai zuwa kwamfuta. Na rungumo nawa daga unguwar Sentul a cikin jirgin ƙasa na LRT, na miƙa wa ma'aikacinku hannu da hannu. Bayan sati biyu na shigo, sai ga shi rataye a bango, an shafe fuskar da waƙar Baba take da fenti ruwan hoda, an liƙa masa lambobi, wai agogo. Lokacin ma ba daidai yake nunawa ba.

Na uku, kuma shi ya fi ba ni ƙyama: hujjar ma'aikacinku. Wai ya duba intanet bai ga sunan mawaƙan ba, don haka ya ɗauka shara ce, ya ba ɗalibai masu aikin ado. Har yana ba ni shawarar in nemi waƙar a waya! Abin da bai samu ba shi ni zan samo? Ashe a ɗakin karatunku abin da ba a sani ba shi ake fara zubarwa. Ni kuwa na ɗauka don irinsa aka gina wurin.

Ina roƙon a sauke faifan yau, kada kowa ya kankare fentin da kansa, a nemo wanda ya san aikin ya gwada. Idan kuma bai cetu ba, ranka ya daɗe, ka zauna kusa da ni ranar da zan kira mahaifiyata. Duk Juma'a sai ta tambaye ni ko an gama, ni kuma ina ta ce mata saura kaɗan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka abin da iyayenka suka bar maka.

Wassalam.
Ɗalibarku, mazauniyar Sentul.