Furannin Bakin Rafi

Litinin, 7 ga Afrilu
Likita ya ce in ban fara yawo kowace safiya ba, hawan jinin nan zai kayar da ni. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina tuƙa tirela, yau an mai da ni ɗan sintirin gona. Na je bakin rafi na dawo. Ciyawa ce kawai.

Alhamis, 10 ga Afrilu
An yi ruwa shekaranjiya. Wani farin fure ya fito gindin dutse, dogon wuya, da jan layi a bayansa. Na faɗa wa Maman yara, don gwiwarta ba ta barinta wuce ƙofar gida. Ta ce, "Ganyen kamar na albasa?" Na ce oho. Ta ce, "To me ka je kallo, Malam?"

Juma'a, 11 ga Afrilu
Kamar na albasa ne. Albasar kwaɗi, in ji ta. Ta yi ta murna kamar ita ta shuka.

Laraba, 16 ga Afrilu
Yanzu abin ya zama gardama. In dawo in kwatanta, ita ta canka. Wani shuɗin fure mai bin shinge ta ce yaryaɗi ne, na ce na yaryaɗi ya fi wannan girma. Muka yi ta yi har shayi ya huce. Na koma da rana in tsinko mata shaida, na tarar duk sun tsuke baki. Ta yi dariya har da hawaye: "Sun ji kana zuwa!"
Rabon da mu yi hira mai tsawo haka... ban sani ba. Da can kwana biyu nake yi a gida, rabi barci.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Akwai ɗan ƙaramin rawaya da ya gagare mu duka. Ta sa masa suna Direba, wai a bakin hanya kawai yake tsayawa.

Juma'a, 25 ga Afrilu
Babban ɗanmu ya kira. Mai tarakta zai zo Talata, a nome ko'ina har bakin rafi, a sa masara. Gaskiyarsa, ba a cin fure. Na ce to. Maman yara ta ci gaba da ninke kaya.

Talata, 29 ga Afrilu
Mai tarakta ya zo. Da ya doshi rafi na tsaya gabansa, na ce wajen nan duk duwatsu ne, zai karya garma. Ya leƙa, ya dube ni. "Baba, dutse ɗaya nake gani." Na ce sauran suna ƙasa. Ya yi murmushi, ya juya sitiyari.
Ba don komai ba ne, wajen ba ya masara sosai.
Na ari baro wurin maƙwabci, na shimfiɗa bargo a ciki. Maman yara ta ce ko a mafarki ba za ta hau in tura ta bakin rafi ba. Amma na ga ta fito da takalmanta ta ajiye a bakin ƙofa.