Takardu Goma Sha Huɗu a Kwalbar Mai Askirim

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban Auta da duk mutanen gida. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar nan, ya sa sabon maganin ya karɓe ki. Mu nan lafiya lau muke. Maman yara ta koma aiki bayan hutu. 'Yan biyu sun gama jarrabawa, ɗaya yana cewa ya cinye, ɗayan yana cewa a bar maganar, kin kuwa san wanda ya fi kusa da gaskiya a cikinsu. Ni ina nan a maɗaba'a ina bin rubutun mutane da jan biro kamar yadda kika bar ni. Auta ma lafiyarta ƙalau, tana ci tana sha, kada ganin wasiƙa ya tayar miki da hankali. Na zaɓi takarda ne saboda a waya za ki katse ni tun ban kai rabi ba, kuma da gaskiyarki.

Kin tuna sharaɗin da kika kafa ranar da kika bar mana ita. Kin ce shekara guda kika ba ta a shagon askirim ɗin nan. In shekara ta cika tana nan a kantar sayarwa tana miƙa wa mutane kofi da cokali, ba a sa ta cikin masu haɗawa ba, ta tattaro kayanta ta dawo gida. Shekarar za ta cika ƙarshen watan gobe, kuma za ki ji cewa har yanzu tana wurin kantar. Ina so ki ji dalili daga bakin wanda ya jawo, kafin ki yanke hukunci.

Shagon ba irin na kan hanya ba ne da ake sayar da na kamfani. Mai shagon, wadda ma'aikata ke kira Anti, a ɗakin baya take haɗa nata, kuma duk wata uku takan fito da sabon ɗanɗano kala uku daga abin da ke yayi a kasuwa. A kan kanta akwai wata babbar kwalba mai faɗin baki da biro ɗaure da zare. Wanda ya sha sabon ɗanɗano yakan rubuta ra'ayinsa ya jefa, ba suna. Kowace Litinin kafin a buɗe, Anti takan tara ma'aikata ta karanta takardun a gabansu, ba ta tsallake ko ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne, in za ta gwada sabon hannu, takan bar masa ɗanɗanon wata ukun gaba ɗaya, kwalbar ce kuma alƙali. Na lokacin zafin nan Auta aka bar wa. Ta gaya wa Maman yara, suka haɗa baki suka ɓoye mini, wai don in sha in yaba sannan a gaya mini in yi mamaki. Mamakin dai na yi shi.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na tafi da ɗoki. Na watannin baya, wani na dabino da kirfa, sai da na yi ta zarya a kansa har wando ya fara ƙorafi. Ran Asabar na je, ban ga Auta a kanta ba, na ɗauka ranar hutunta ce ta tafi yawonta. Na ce a zuba mini kala ukun, na zauna teburin kusa da taga kamar mai shirin karanta littafin da ya daɗe yana jira. Na farko kankana da na'a-na'a. Yaya, ƙanƙara ce zalla take ƙaras-ƙaras a haƙori, na'a-na'ar kuma ta danne komai. Na biyu mangwaro da ɗan barkono, wanda zaƙin yake shiga lafiya, yajin ya biyo baya da rigima. Na uku gasasshiyar abarba da citta, an gasa ta har ta wuce gashi ta shiga ƙauri. Raina ya ɓaci irin ɓacin ran babban mutum da ya sa rai a kan abin yara, wanda ba ya iya faɗa wa kowa. Sai idona ya faɗa kan kwalbar.

Da na rubuta cewa na'a-na'a ta yi yawa, abarba ta ƙone, na tashi, da yanzu ba na rubuta miki wannan. Amma kin san ƙaninki, in ya sami takarda da abin kushewa sai ya ji kamar an ba shi mumbari. Na ƙi biron shagon, na zaro jan birona. Na ce na kankanar ya dace a sayar da shi tare da buroshi, tunda man goge baki ne aka daskarar. Na ce mangwaro da barkono aure ne da ya kamata dangi su raba tun kafin a sami rabo. Na ce wanda ya gasa abarbar ya bar ta a wuta ya tafi ɗaurin aure. Na rufe da cewa wanda ya haɗa waɗannan yana da ƙarfin hali, Allah ya ba shi harshe. Na karanta sau biyu, na gyara kalma ɗaya, na jefa ina jin daɗin kaina. Da yamma Auta ta tambaye ni ko na je, na ce na je, ba laifi. Ta yi murmushi ta ƙara mini shayi.

Ran Litinin aka karanta takardar a gaban mutum shida. An ce mai wanke tukwane ya yi dariya har da riƙe ciki, har yanzu kuma in an fito da na kankana sai wani ya tambayi ina buroshi. Auta ba ta buƙaci ganin rubutun ba, tun jimlar farko ta gane muryar kawunta, da Anti ta ɗaga takardar kuma ta ga jan tawada. Ta dawo gida ta gaishe ni kamar kullum, ta kawo mini abinci, ta shige ɗaki. Maman yara ce ta zaunar da ni ta warware mini komai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kawai shekara ashirin tana jin irin wannan a kan miyarta, ita fatarta ta yi kauri, amma yarinyar mutane wata biyu tana tashi da asuba tana gwaji.

Abin da mai hankali zai yi a nan a fili yake, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ba da haƙuri. Ni da na karanta littattafai cike da mutanen da suka ɓata lamari garin gyara, na zauna na yi dabara. Na ce tunda kwalba ce alƙali, takarda ɗaya ta ɓata, bari takardu da yawa su gyara. Kin san halina da takarda, wanda muka gada wajen Baba: ba na iya ganin mai farin baya a kwandon shara in wuce. Ina tsince su, in yanka da reza da rula, in tara a aljihun tebur don rubuta saƙo. Daga nan na ɗebo. Na rubuta goma sha huɗu, da biro kala-kala, wasu da fensir, wasu da hannun hagu. Na zama tsohuwa mai jikoki, na zama ɗalibi, na zama direban da ya tsaya shan iska, har na zama wata mai ciki da ta ce ba abin da ke zama mata sai na abarba. In faɗi gaskiya, ban taɓa rubutu mai rai kamar wannan ba. Kwana shida ina zuwa bayan tashi daga aiki, in sayi na kankana in shanye don kada a zarge ni, in faki ido in jefa biyu ko uku.

Litinin ta biyu Anti ta fara karantawa tana jin daɗi, har ta kai ta mai cikin, sai takardar ta suɓuce ta faɗi a kife. A bayanta akwai rubutun Auta: awon madara, awon sukari, da abarba minti kaza a wuta. Ashe takardun da na tsinta a kwandon falo a watannin nan na gwajinta ne, waɗanda take rubutawa tana yagewa. Ni da ake biya don in duba gaba da bayan kowane shafi, ban juya ko ɗaya ba. Anti ta juya sauran, duk goma sha huɗun da hannun Auta a baya. Ta jera su a kan tebur ta tambaye ta ko tana da abin cewa. Yarinyar nan ta gane yankan rezata, ta san daga aljihun da suka fito, amma ta ce ba ta da abin cewa. Anti ta ce askirim marar daɗi ana gyara shi, mai cusa wa kanta yabo a kwalba kuwa ba ta san yadda ake gyara ta ba, ta ce Auta ta cire rigar aiki ta je gida sai an neme ta.

Ƙarfe goma na safe Maman yara ta kira ni a maɗaba'a. Ta ce Auta tana gida, ta ce kuma in ina da sauran dabara don Allah in riƙe abata. Na ajiye aikin da ke gabana na tafi shagon a ƙafa, don ina bukatar tsawon hanyar. Na tarar an buɗe, akwai mata biyu da yara a teburi. Na nemi ganin Anti a keɓe, ta ce a gaban ma'aikata aka yi maganar, a gabansu za a ƙarasa ta. Aka shigar da ni ɗakin baya, tsakanin firiza da buhunan sukari, aka ba ni hular leda na ɗora a kan furfurata saboda dokar ɗakin. A haka na tsaya na ce ni ne kawun Auta, ni ne mai jan biro, ni ne kuma tsohuwa da ɗalibi da direba da mai ciki. Anti ba ta yarda nan take ba, ta ce kowane kawu zai iya zuwa ya ɗauki laifin 'yarsa. Ta miƙo fensir ta ce in rubuta ta direban da hannun hagu tana kallo. Na rubuta a kan murfin firiza, ta gwada da waccan, suka yi daidai. Mai wanke tukwane ya tambaya cikin ladabi ko cikin nawa wata nawa ne, ba wanda ya tsawata masa, ni ma ban ga dalilin tsawatarwa ba.

Anti mace ce mai adalci, shi ya sa hukuncinta ya fi ciwo. Ta wanke Auta a gaban kowa, ta aika aka kira ta, ta ba ta haƙuri. Ta ce cikin takarduna goma sha biyar, ta farkon ce kaɗai mai amfani, duk da rashin kunyarta, don na'a-na'ar ta yi yawa da gaske. Amma ta ce kwalbar wannan karon ta gurɓace, ba ta san na wa za ta gaskata ba, don haka ba za ta yanke wa Auta hukunci da ita ba, na ci ko na faɗuwa. Ta karɓi sauran watannin da hannunta, Auta ta koma kanta, in damina ta sauka a sake ba ta kala uku daga farko. Ashe kuma, Yaya, kafin in sa hannu, masu yabon na mangwaro da barkono sun fi masu kushe shi yawa. Mutane na gaske, masu rubutu da hannun dama. Da na zauna lafiya, mai yiwuwa da ta haye da wannan kaɗai.

Kwana uku Auta ba ta yi mini maganar ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai Kawu, irin ba komai ɗin da ke nufin akwai komai. A rana ta huɗu na dawo daga aiki na tarar da ita a kicin. Ta ce jar takardar ta sa ta kuka a banɗakin shago, amma ta wuce, don aƙalla wanda ya rubuta ta ya sha abin da gaske. Goma sha huɗun ne suka tsaya mata, saboda sun nuna mata kawunta bai yarda za ta iya cin jarrabawar da kanta ba. Sai ta buɗe firij ta ɗauko ɗan kofi ta ajiye a gabana da cokali, na kankana ne da ta sake haɗawa. Ta ce in sha in faɗa mata a fuskarta, da baki, a gajarce. Na sha. Ƙanƙarar ta tafi, ya yi laushi. Na'a-na'ar dai har yanzu ta ɗan yi yawa. Na faɗa mata hakan. Ta ɗanɗana, ta ce ita ma haka ta ji, ta rubuta a littafinta, ta ce gobe akwai wani.

To Yaya, ga roƙona. Sharaɗinki shekara ne, kuma ba ta cika shi ba, amma ba ita ta faɗi ba, ni na ture ta. Ki ƙara mata zuwa ƙarshen damina. In kina da faɗa, kuma na san kina da shi, lambata ba ta canja ba, zan saurara har ƙarshe ba tare da na gyara miki ko kalma ɗaya ba. Ita dai ba ta san na rubuto ba, kuma na tabbata in kin tambaye ta cewa za ta yi abin bai yi ba ne kawai, ba za ta ambaci sunana ba, kamar yadda ta ƙi ambata a gaban Anti. Yarinyar da kika haifa ke nan.

Ki gaishe mini da Baban Auta, ki karanta masa iya abin da kika ga zai iya ɗauka. Gaisuwa ga Dogo da matarsa da jaririnsu, da Likita in ya zo hutu, da Gwaggo Ƙarama, ki ce mata ina sane da alkawarin tabarau. Maman yara tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ba da saninta aka yi ba. 'Yan biyu suna gaida Gwaggonsu. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki, mai jiran kiranki da kunya.