Ledar Naman Doki Ta Gajarce

Baban Sholpan,

Na fita, ban tashe ka ba. Naman dokin nan da muka zuƙe wa iska muka liƙe don a kai wa Sholpan makaranta a Astana, da hannuna na yanki ledarsa ranar Asabar, taƙi biyu cif. Yau na ɗauko ta a firji, da ƙyar ta kai ɗaya da rabi. Liƙin kuwa tsaf, kamar ba a taɓa ba.

Ni dai ban taɓa jin sanyi ya gajarta leda ba. Sai dai in wani ya yanke bakinta, ya ɗiba, ya sake liƙewa. Jiya ma na ji injin da ɗumi, ka ce wai rana ce ta buge shi. Cikin wannan ƙanƙarar!

Kwalbar ruwan inabin baƙi kuma, na zare murfin ko "fus" ba ta yi ba.

Likita ne ya hana ka kitse, ba ni ba. Akwai miyar kabewa a tukunya, ka ɗumama.

Kada ka wahalar da kanka neman injin. Yana cikin jakata.

Raushan