Ka Riga Ni Zuwa Babin Ƙarshe

Thunder Bay,
10 ga Mayu

Zuwa ga abokina Curtis,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka Lorna, da fatan kuma gwiwarta ta daina yi muku hasashen ruwan sama. Yaya aiki, yaya iskar birnin Regina? Mu nan lafiya lau. Ƙanƙara ta narke a tafki, jiragen hatsi sun fara shigowa, ɗalibaina kuma sun koma kallon taga fiye da allo, kamar kowace shekara.

Na san za ka yi mamakin ganin ambulan da kan sarki daga mutumin da kake jin muryarsa a kunnenka duk ranar Alhamis. Dalilin bai da tsawo. In na faɗa maka da baki za ka ba ni dariya, ni kuwa ban shirya yin dariya ba tukuna.

Bari in tuna maka wani abu, tunda na lura ƙwaƙwalwarka ta fara zaɓen abin da za ta riƙe. A watan Satumba muka sayi wasan bidiyon nan na masu kai wasiƙu biyu da ke yawo a kwalekwale bayan ambaliya ta cinye ƙasarsu. Ba ya buguwa sai da mutum biyu. Kai ka zaɓi tuƙi, ni na ɗauki fitila da buhun wasiƙu. Kafin mu taɓa ruwa muka yi alkawari, kuma kai ne ka kawo shi: ba wanda zai buɗe wasan ba tare da ɗan'uwansa ba, ba wanda zai leƙa intanet ya ga abin da ke gaba. Babi goma sha biyu, mu gan su tare. Har ka ce wanda ya karya, a jefa shi a tafki a watan Janairu.

Ni dai na riƙe nawa. Rabin malaman makarantarmu sun gama wasan tun kafin Kirsimeti, kuma ba su da wata hira sai ta ƙarshensa. Da sun fara sai in ɗauki kofin shayina in fita in tsaya a bakin ƙofa cikin sanyi, kamar mai shan sigari da ba ya shan sigari. Lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe mu kwana uku a gida, na'urar wasan tana kallona ina kallonta, na gwammace in sake karanta tarihin gina layin dogo.

Shekaranjiya, a babi na tara, ka karkata kwalekwalen hagu kafin gadar nan ta faɗo. Ba da yawa ba, daƙiƙa biyu. Sai da ta faɗi sannan ka ce, "Kai, Farfesa, ka ga wannan kuwa?" Na gani, Kyaftin. Na kuma tuna cewa a babi na bakwai ka nufi ƙofar da babu mai hankalin da zai nufa, ta buɗe, ka ce sa'a ce. A na takwas ka ce in rage fitila tun kafin jemagu su fito. Na ɗauka tsufa ne ya kawo maka basira, har na fara yi maka murna.

Da muka rufe, na yi abin da ban taɓa yi ba, na buɗe shafinka na wasan. Ni awa arba'in da huɗu na yi a wasan. Kai sittin da tara. A ƙasa kuma ga lambar yabo mai ruwan zinariya ta wanda ya kammala labari, ranar 17 ga Fabrairu, tare da sunan abokin tafiya: wani Murray.

Shekara ashirin da shida ina koya wa yara yadda sarakuna ke sa hannu a yarjejeniya da safe su tsallaka iyaka da yamma. Ban taɓa zaton za a yi mini a kwalekwale ba. Ka faɗa mini waye Murray. Ka kuma faɗa mini, wata uku kana cewa "kai, ka ga wannan?", da wa kake?

Ka gaishe da Lorna.

Naka mai fitila,
Wendell

Thunder Bay,
24 ga Mayu

Curtis,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya da duk mutanen gida. Na ji an yi muku ƙanƙarar sama, da fatan ba ta taɓa motarka ba. Ni ma lafiya, sai tulin takardun jarrabawa da ke jirana a kan teburin cin abinci.

Na gode da wayar da ka yi ranar Lahadi. Na yi shiru da yawa, ka ɗauka fushi ne. Saurare nake yi, don haka zan iya maido maka da kalamanka yadda suke, ko za ka ji yadda suke sauka a wannan ɓangaren.

Da farko ka ce, "Haba Farfesa, wasa ne fa. Ba matarka na ɗauke ba." Gaskiya ne, wannan wani ya riga ka. Sannan ka ce Murray maƙwabcinka ne, tsohon direban motar kwasar ƙanƙara, matarsa ta tafi wurin 'yarsu, ya sayi wasan bai san sai da mutum biyu ba. Tausayinsa ka ji. Babi ɗaya kuka ce za ku taɓa. Kwana huɗu kuka cinye sha biyun.

Da a nan ka tsaya da mun shirya. Mutum ya zauna da kwanon gyaɗa ya ce ƙwaya ɗaya zai ci, kowa ya san ƙarshen labarin. Amma da na tambaye ka yadda abin da muka yi wata takwas muna ja ya ƙare a kwana huɗu, sai ka yi wannan dariyar taka ta hanci.

"To ai Murray ba ya karanta wasiƙun," ka ce.

Na ce, "Ana iya kai wasiƙa ba a karanta ba?"

Ka ce, "Akwai madannin tsallakewa, mutumina. Mai launin rawaya. Kowa shi yake dannawa."

Ban san da shi ba. Wata takwas ina buɗe kowace wasiƙa a buhun nan ina karanta maka da murya, har ina sauya murya in ta tsohuwa ce ko ta soja. Wasiƙar da ɗan matar nan mai kaji ya rubuto mata sau biyu na karanta, don na ji ka yi tsit na ɗauka ta taɓa ka. Da na tambaye ka abin da kake yi a irin wannan lokacin, ka ce, "Ina ɗan duba sakamakon wasan hoki a waya. Amma ina jin ka, wallahi. Muryarka tana da daɗi, kamar rediyo."

Na taɓa karanta cewa a wasu fadoji na dā akwai mutumin da aikinsa shi ne ya yi ta karatu har mai gida ya yi barci. Aƙalla shi ya san aikin da aka ɗauke shi.

Duk wannan ma ba a nan gizo ke saƙar ba. Lorna ce ta karɓi wayar, baiwar Allah, don ta gyara. Ta ce, "Wendell, don Allah ka yi haƙuri da wannan sakaran. Ai bai taɓa fashin Alhamis ba. Ko ranar da ya ce ya gaji, ni nake cewa tashi ka je, Wendell yana can shi kaɗai yana jira." Na ji ka daga nesa kana cewa, "Lorna, ba ni wayar nan." Ta ba ka, muka yi maganar yanayi.

Tun da aiki ya ɗauke ka zuwa Regina shekara uku da suka wuce, ni kuma matata Denise ta kwashe kayanta, ban taɓa ɗaukar Alhamis a matsayin ziyarar asibiti ba. Na ɗauka mutum biyu ne da suka san juna tun suna 'yan shekara sha shida, sun sami kwalekwalen da zai ɗauke su tare. Ina dawowa daga makaranta da wuri, in ci abinci a tsaye, in goge tabarau. Abin kunya ne mai shekara hamsin da biyu ya rubuta wannan, amma ranar ce kaɗai a mako da nake magana da wanda ba ya jiran in ba shi maki.

Ka roƙe ni mu ƙarasa babi ukun da suka rage. Na yarda, don ina son in ga ƙarshen, kuma ba zan iya tuƙi da riƙe fitila ni kaɗai ba. Sharaɗi ɗaya: kada ka ƙara yin mamakin ƙarya. In ka san gada za ta faɗi, ka kauce mata ka yi shiru. Sai ranar Alhamis, ƙarfe takwas a nan, shida a wurinku.

Ka ce wa Lorna ban ji haushinta ba. Ita kaɗai ce ta faɗi gaskiya ba a tambaye ta ba.

Naka,
Wendell

Thunder Bay,
14 ga Yuni

Zuwa ga Curtis,

Ina gaishe ka, ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Lorna, har da Murray, wanda bai yi mini laifin komai ba. Nan an fara zafi, sauro ya dawo da iyalansa, saura mako biyu a rufe makaranta.

To, mun gama. Zan ba ka haƙƙinka: ka cika sharaɗin. Alhamis uku ba ka ce "kai" ko sau ɗaya ba. Ka yi tuƙi mai kyau, kamar direban bas da ya san kowane rami a hanyarsa. Ban san shiru zai yi nauyi haka ba. Akwai lokacin da na kusa roƙonka ka ɗan yi mini ƙaryar, amma na daure.

Akwai abin da ba ka sani ba game da babin ƙarshe, duk da cewa sau biyu ka gan shi. Ka tuna mun isa tudun nan da ruwa bai kai ba, buhu ya zama wayam sai wasiƙa ɗaya, kuma sunan mai tuƙi ne a bayanta, da rubutun hannun mai fitila. Wasan ya bar ni da ita a hannu. Na ga madannin rawayan yana ƙyalli a gefe, yanzu da na san shi. Na ce maka, "Kyaftin, wannan taka ce. In karanta?" Ka ce, "Bismillah, Farfesa."

Na karanta. Ba doguwa ba ce, ba ta fi layi ashirin ba. Mutumin yana gode wa abokinsa da bai taɓa tambayarsa dalilin da ya sa suke kai wasiƙu gidajen da ba kowa ba. A tsakiya na tsaya, na cire tabarau. Rana tana kan tafki a lokacin, ɗakin duk ya yi ja. Na ji ka yi shiru, na ce a raina, to, wannan karon dai yana ji. Na ƙarasa a hankali. Har na ƙara kalma biyu uku nawa a ƙarshe, waɗanda babu su a kan allo, kuma ba zan maimaita su a nan ba.

Sai na ji ƙarar na'urar ɗumama abinci daga nesa, sau uku. Sannan takun ƙafa, sannan kujera, sannan ƙugin abin sauraro na kunne da aka ɗauka daga kan tebur.

"An gama?" ka ce, baki cike. "Yi haƙuri, na san wurin nan yana da tsawo, sai na je na ɗumama taliya. Yaya ka gani? Ya yi, ko?"

Na ce ya yi.

Ba mugunta ka yi ba, na sani. Yunwa ka ji, ƙarfe bakwai ta wuce a wurinku, kuma ka san daidai minti nawa wasiƙar take ci in ni ne mai karatu. Da mugunta ce da na fi sanin inda zan ajiye ta.

Na ga kyautar da ka aiko jiya, sabon wasan nan na masu kiwon zuma da kowa ke yabo, da saƙonka cewa wannan karon ka rantse da kabarin kakarka. Na gode. Ban buɗe ba. An ce yana da daɗi ƙwarai, kuma babu karatu a cikinsa, don haka ina ganin kai da Murray za ku ji daɗinsa. Da gaske nake, ba gatse ba.

Na zauna na yi tunanin shekara ukun nan. Kowace Alhamis ni nake fara kunna na'ura, ni nake aiko da gayyata, ni nake kira in ka makara. Ban taɓa lura ba, don ban taɓa barin ƙarfe takwas da minti biyar ta yi ban kira ba. Ban san abin da zai faru ba in na bari. Ina jin tsoron sani, amma na fi jin tsoron in ƙara shekara uku ina yi wa tebur karatu.

Ban goge ka daga jerin abokaina ba, kuma ban ba wa kowa Alhamis ɗin ba. Zan kasance a gida, na'ura a kashe, waya a gefena. Ba sai mun buga komai ba. Kana iya ba ni labarin hoki, ni ma in duba wani abu a waya in ce muryarka tana da daɗi. Amma ba zan kira ba.

In za ka kira, ka bari sai ranar da Lorna ba ta gida.

Ka huta lafiya.

Abokinka tun aji huɗu na sakandare,
Wendell Haapala